Ya'u Argon da Tulun Madarar Hindatu

Duk Dogon Dutsi babu wanda bai san Ya'u mai walda ba. In ma ba ka san shi ba, ka san rumfarshi, wadda ke bayan tasha, mai tsibin tsohon ƙarfe a ƙofa har ya fi rufin tsawo. Nan awakin unguwa ke hawa su yi kallon gari. Ya'u bai taɓa yar da komi ba tun ranar da anka yanke mishi cibi. Ƙusa ta lanƙwashe, ya miƙe ta. Takalmi ya tsinke, ya ɗaure da waya. Akwai wata rigarshi da tartsatsin wuta ya hudde har ta koma rariya, matarshi Sahura ta sha tura ta cikin shara, shi kuwa ya sha tono ta ya kakkaɓe ya mayar a wuya. In anka yi magana ya ce ai yanzu ta fi shan iska.

Ba duka laifinshi ba ne, jini ne. Ɗan maƙeran Matankari ne gaba da baya, a gindin zugazugi ya yi rarrafe. A gidansu kayan aiki ba su mutuwa. Awartakin da ubanshi ke kama jan ƙarfe da shi na kakan kakanshi ne, masabar kuwa babu mai iya faɗin wanda ya fara ɗaga ta. Tun shina ɗan mitsitsi ya ji manya na cewa maƙerin da ya yar da kayan aikinshi ya yar da albarkarshi. Wannan karatu ya zauna mishi daram. Lakkwal kuwa, makarantar boko, ya leƙa ta, ita ma ta leƙe shi, sunka rabu lafiya babu mai bin wani.

Da ya tasa ya gaji da ƙirar hauya da gatari, ya sauko Dogon Dutsi ya koyi walda irin ta kowa, ta ƙofa da taga da amalanke. Daga nan ƙafa ta yi mishi ƙaiƙayi, ya bi wani kamyon, babbar motar albasa, har Kwatano. Can ya faɗa hannun wani maigida mai gyaran kayan inokis, farin ƙarfen nan da ba ya tsatsa, da alminiyom kusa da bakin teku, ya yi shekaru shina sharar ƙasa da miƙo kaya kafin a yarda ya taɓa abin waldar. Ranar da ya dawo gida unguwa ta fito kallo. Ga na'ura, ga tukunyar gas doguwa kamar ƙaton saurayi, ga Ya'u na tafiya shina buɗe hammata kamar shi ya ƙera motar da ta kawo shi.

Wannan walda ba irin wadda munka sani ba ce mai tartsatsi da hayaƙi. Abin riƙewar kamar alƙalami ne mai kauri. A bakinshi akwai ɗan kofin tangaran, cikin kofin akwai allura wadda ba ta narkewa, ita ke fidda wata siririyar wuta shuɗiya. Akwai ɗan mariƙi na jan ƙarfe da ke damƙe allurar, da wata 'yar rariya da gas ke bi ya fito a natse. Gas ɗin sunanshi argon. Aikinshi ya lulluɓe wurin da ke narkewa kamar mayafi, kar iskar waje ta taɓa shi, don in ta taɓa, aiki ya ɓaci.

Da za su rabu, maigidan nashi na Kwatano ya cika mishi gwangwani da sababbin allurai da kofuna da mariƙai, har da ɗan dutsen washi sabo, ya ce mishi waɗannan ƙananan abubuwa suna cinyewa, in sun gaji a sake su. Ya'u ya ce to. Kunne ya ji "a sake", zuciya ta ji "a ɓoye". Shina isowa gida ya miƙa wa Sahura gwangwanin, ta sa shi can ƙasan jeren kwallayenta, anka rufe kamar an binne.

Shekarun farko kam sai hamdala. In Ya'u ya ja layin walda kan inokis, sai ka ce an shimfiɗa sarƙar azurfa. Masu babur na kawo murfin inji, mata na kawo manyan tukwanen biki, daga Tibiri ake zuwa, daga Dumega ake zuwa. Sunan ubanshi ya ɓace, ya koma Ya'u Argon. Har yaran da ba su iya tsarki ba sun iya faɗin argon.

To amma komi ya daɗe shina shan wuta sai ya nuna. Wata rana abin riƙewar ya suɓuce ya faɗi, kofin tangaran ya tsage. Ya'u ya shafa mishi kol mai liƙe abu ya naɗe da siririyar waya. Allura kuwa kullum ta dakushe sai ya goga ta kan dutsen da yake wasa gatura da hauyoyin manoma, har ta koma guntuwa kamar ragowar ashana, bakinta ya rabe biyu kamar kofaton akuya. Mariƙin ya saki, allura ta riƙa zamewa tana leƙe gefe, ya yanko ɗan gwangwanin sardin ya cusa ya tokare. Duk wanda ya ga abin sai ya tuna da tsohon da ya faɗo daga kan jaki anka ɗaure mishi kai da ƙafa.

Wutar ta fara yawo. Ya nufa nan, ta tafi can. Layin da ke fita fari ya koma toka-toka, daga baya ya koma baƙi. Ya'u ya ce kuran ne ba shi da ƙarfi. Ya ce masu gas na Yamai sun fara algus. Wata tsohuwa mai saida ƙuli ta ce mishi wutar da ke rawa haka ba banza ba, wata aljana doguwa ce ta samu wurin zama, ya nemi turare. Bai ce ya yarda ba, amma an ji ƙamshi a rumfar. Abin da ya fi yi shi ne murɗa gas. Walda ta yi baƙi, ya ƙara gas. Ta ƙara baƙi, ya ƙara gas. Tukunyar da ke daɗewa ta koma shanyewa kamar randar gidan suna.

Ana haka Hindatu ta zo. Bafillatana ce daga wata ruga ta wajen Dogon Kiriya, ita ce shugabar matan da ke haɗa madararsu wuri guda a kawo gari ga masu yin yawur, kindirmon kanti. Suna da babban tulu na inokis mai murfi, shi kaɗai gare su, ya faɗo daga amalanke ya tsage a gindi. Kowa ya san abin da ke tsakanin Fulani da Arawa, mutanen su Ya'u, taubasai ne, duk abin da ɗaya ya faɗa wa ɗaya ba a kai shi gaban alƙali.

"Ina bawana Ba'are?" in ji ta tun daga nesa. "An ce kai ne mai wutar aljanu. Ga tulun uwayen gidanka, ka gyara."

"Ajiye nan, 'yar Fillo," in ji Ya'u. "Ku da kunka saba da ƙwarya, wa ya kai ku ƙarfe? Shi ya sa ya gudu daga amalanke."

Ya yi mata aikin a ranar. Layin ya fito baƙi ƙirin, da ƙananan ramuka kamar fuskar masa. Ya goge da buroshi ya ce haka inokis ɗin Turawa yake, baƙin ƙarfi ne. Ta ɗauka ta tafi.

Kasuwa na kewayowa sai ga Hindatu, tulu a ka, babu sallama. Rumfar cike da mutane, masu jiran aiki da masu jiran shayi. Ta sauke, ta buɗe murfi, ta tuntsurar da shi a ƙofar rumfa. Abin da ya fito ba madara ba ne, wani abu ne guda-guda mai tsamin da ya sa masu shayi toshe hanci.

"Ga aikinka, Ba'are. Rabi ya tsiyaye a hanya, jakinmu har santsi yake. Rabin da ya saura ya lalace, don ramukan da ka bar mana suna riƙe tsohuwar madara, mun wanke mun wanke ba ta fita. Madarar gida nawa ke nan ka sani? Matan ruga sun ce in gaishe ka."

"Zafin rana ne..." Ya'u ya fara.

"Rana ta fara fitowa jiya? Ji nan. Motar Dogon Kiriya na tashi bayan la'asar. In na dawo tulun nan na zuba, zan ɗauke shi in aika Yamai. Amma kafin in hau mota sai na bi kasuwar nan rumfa rumfa, daga masu goro har masu jakai, in gaya musu Ya'u Argon ya koma Ya'u Gawayi. Ka san bakina."

Ya san shi kuwa. Duk kasuwar ta san shi. Hindatu in ta raɗa maka suna, da shi za a kai ka kabari.

Ta tafi. Ya'u ya juya ya dubi ɗan agogon da ke kan tukunyar gas, mai nuna abin da ya saura a ciki. Allurar agogon ta kwanta kusa da ƙasa. Abin da ya saura bai fi na layi guda ba, in ma ya kai. Sabuwar tukunya kuwa sai an aika Yamai an jira. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare, ga miya ta ƙare, ga mutane sun gyara zama, wanda ma ya gama shan shayinshi ya ce a ƙaro mishi.

A cikin masu zaman akwai Baba Mani, ƙanen uban Ya'u, tsohon maƙeri da ke sauko da hauyoyi daga Matankari duk ranar kasuwa, in rana ta take ya zo rumfar ɗan wanshi ya sha fura ya miƙe ƙafa. Bai taɓa kula na'urar ba, shi a wurinshi wutar da ba ta da gawayi wasan yara ce. Ranar dai ya miƙa hannu.

"Miƙo min abin nan naka in gani."

Ya'u ya miƙa mishi da hannu biyu, har da ɗan alfahari duk da halin da yake ciki. "Baba, ka ga ban bar al'adar gida ba. Tun da na zo da shi daga Kwatano ban sake ko abu guda ba."

Tsoho ya juya abin, ya kai kusa da ido, ya sa farce a tsagar kofin, kol ɗin ya ɓare ya faɗo. Ya ce, "Ta ina iskar taka ke fita?"

"Ta bakin nan."

"Ta bakin nan, da ta nan, da ta nan." Ya nuna tsagar. Sai ya tuɓe hularshi ya maka wa Ya'u a ka, gaban jama'a, mutum da gemunshi da 'ya'yanshi. "Al'adar gidan wa? Kai dai Allah ya shirye ka. Bututun laka da ke bakin zugazuginmu, na kakanka ne?"

Ya'u ya sosa inda hular ta same shi.

"Ina tambayarka. In ya tsage mi muke yi da shi?"

"Ana fasa shi... a kwaɓa sabo."

"Wa ake aike ya kai fasassun bayan gida?"

Masu shayi sunka fashe da dariya tun kafin ya amsa, don fuskarshi ta riga ta amsa. Shi ake aike. Ya tuna tsibinsu a bayan danga, jajaye, ƙonannu, har suna wasan gidan ƙasa da su.

"Awartaki gado ne, masaba gado ce," in ji Baba Mani, shina mayar da hula. "Amma abin da ke sa bakinshi cikin wuta kullum, wannan abincin wuta ne. Bututu in ya tsage iska ta watse, ka yi ta zuga har kafaɗarka ta ɓalle, ƙarfe ba ya ja. Ba wanda ya taɓa cewa ka yi gadon bututu sai kai."

Ya'u ya dubi kofin, ya dubi agogon gas ɗin da ya yi ta murɗawa wata da watanni. Ashe zuga yake cikin fasasshen bututu. Ya miƙe ya zari babur sai gida.

Sahura na tsakar gida tana tankaɗe ya shigo kamar an koro shi.

"Ina gwangwanin nan?"

"Wane?"

"Na Kwatano."

Ta ajiye rariya a hankali. "Maigida, lafiya? Wani ya mutu?"

"Ke ɗauko min, rana na tafiya!"

"A'a, bari in kira maƙwabta su shaida. Na ɗauka sai ranar auren jikanka za a buɗe shi." Ta shiga ɗaki tana sauke kwallaye ɗaya bayan ɗaya, ta fito da gwangwanin, kafin ta miƙa mishi ta rangaɗa guɗa har kaji sunka watse.

Da ya dawo rumfa ya zazzage kan benci, ya kwance tsofaffin ya jera kusa da sababbin. Nan ya ga abin da idonshi ya ƙi gani. Sabon kofi bakinshi zagaye sumul, tsohon ya ci wuta ya yi baƙi ya ɓantare. Sabon mariƙi miƙaƙƙe, tsohon ya murɗe kamar busasshen kuɓewa. 'Yar rariyar kuwa ta toshe da ɗigon ƙarfe, ya ɗaga ta sama ko hasken rana ba ya wucewa. Ita allurar ba a magana, Baba Mani ya ce ko sakace ba ta yi.

Ya ɗauko sabuwar allura da sabon dutsen washi, wanda bai taɓa ganin gatari ba. Ya wasa ta a tsaye, bi da tsawonta, yadda anka koya mishi can bakin teku ya manta da gangan, har bakinta ya yi tsini kamar ƙayar aduwa. Ya ɗaura komi, ya girgiza, babu abin da ya motsa. Ya kwantar da tulun ya kankare tsohon layin baƙin nan kaf, har sai da farin ƙarfe ya fito, ya wanke wurin tas. Ya tokara farantin jan ƙarfe daga ciki. Ya sa anka kare gefen rumfa da buhunna saboda iska. Sannan ya kai hannu ga gas, mutane na jiran ya murɗa sama kamar kullum, sai ya mayar da shi ƙasa.

"Kai, ka rage?" in ji wani. "Da mai yawa ma ya ƙi."

"Sha shayinka," in ji Ya'u.

Ya ce bismillah, ya sauke gilashin fuska. Wutar ta tashi siririya, shuɗiya, ta tsaya cak inda ya nuna mata, ba rawa ba tsalle, ba ta ko tari. Sai wani ɗan sauti kamar kudan zuma guda a cikin tulu. Rabon Ya'u da wannan sauti har ya manta. Hannun dama na tafiya a hankali, na hagu na ɗiga siririyar sandar inokis, ɗis, ɗis, ɗis. Gumi na bin gemunshi bai share ba. Baba Mani, wanda ya ce wasan yara ne, shi ya tsuguna gaban agogon gas ya kare fuska da hula shina ba da labari.

"Tana sauka, Ya'u."

Ya'u ya ci gaba da ɗigawa.

"Ta kusa kwanciya, ɗan nan."

Bai yi sauri ba. Ya san in ya yi sauri ya bar rami, in ya tsaya gas ya ƙare. Ya bi tsagar har ƙarshenta, ya ɗan wuce, ya kashe wutar, ya bar bakin kofin a kan wurin har ya huce. Tukunyar ta ja wani dogon numfashi, ta yi tsit.

Ya ɗaga gilashi. Layin na kwance a gindin tulun fari fat, da ɗan ruwan zinariya a gefe kamar karan gero da rani, ƙwaya bisa ƙwaya babu wadda ta fi wata. Rumfar ta ɗauki sowa. Mai shayi ya buga murfin buta. Baba Mani ya shafa da yatsa tun bai gama hucewa ba, ya ƙone, ya sa yatsan a baki ya ce, "To. Ba laifi."

Ana sallame la'asar sai ga Hindatu, ta sha kasuwa, ƙullin gishiri da kanwa a ka. Ba ta dubi Ya'u ba. Ta sa anka cika tulun da ruwa har wuya, ta kwance farin mayafinta ta shimfiɗa a ƙasa, ta ce a ɗora shi a kai. Ta zauna ta ɓare goro ta ci, ta tambayi Baba Mani lafiyar Matankari da ta iyali ɗaya bayan ɗaya, kamar babu abin da ke gabanta. Can ta ce a ɗaga. Mayafi busasshe ƙamas. Ta zubar da ruwan, ta naɗe hannun riga ta zura hannu har kafaɗa tana lalube daga ciki. Ta daɗe tana neman abin faɗa.

"Wa ya yi maka?" in ji ta.

"Hannun nan da kike gani."

"Ƙarya kake, Ba'are. Aljanin ya dawo daga tafiya dai."

"Ya dawo, ya ce a gaida Fulani, in sun sake jefo tulu daga amalanke su zo da man shanu."

Ta ɗauki tulun ta ɗora a ka, ta bi ta tsakiyar kasuwa, hanyar da ba ita ce ta tasha ba. Kuma ta cika alkawarinta, rumfa rumfa ta bi, tana buga tulun da zobe tana cewa jama'a su zo su ga aikin bawanta, ita ta hore shi da bakinta har ya iya. Ya'u na jiyo muryarta daga nesa, ya zauna kan benci shina dariya har da hawaye.

Tun daga ranar Ya'u ya zama wani iri. Kafin ya kunna wuta sai ya kwance bakin abin waldar ya duba. In wuta ta fara yawo ya san allura ce, ya gutsure inda ta ƙazantu ya wasa, in ta gajarce ko ta rabe ya sake. In layi ya fara duhu ba ya taɓa gas, kofi yake dubawa da rariya. In allura ta zame ya san mariƙi ya gaji. Abin har ya wuce haka, yanzu in ka tsaya gaishe shi sai ya yi maka wa'azin allura, ko kai mai saida tumatir ne.

Da sabuwar tukunyar gas ta iso daga Yamai, kasuwar da ta biyo, motar Dogon Kiriya ta tsaya daidai ƙofar rumfarshi, abin da ba ta taɓa yi ba. Mata sunka yi ta saukowa, wannan da tukunya, wannan da bokiti, wata da ludayin alminiyom da ya karye tun bara. Hindatu ce ta ƙarshe, ta miƙa mishi ƙwarya rufe da faifai. Ya buɗe, man shanu ne, curi guda ƙato.

"Ba don ka iya ba ne," in ji ta. "Don ka shafa a ƙafa ne, kaushinka na ba mu kunya. Tashi ka kama aiki, uwayen gidanka na sauri."